Tsinke Biyu

Kakata Tokiko ba ta faɗin hashi tsirara,
sai ta ɗora masa "o" a ka kamar hula:
ohashi.
Ta ce abin da ke kai loma baki ya cancanci gaisuwa.

Ina 'yar shekara huɗu, a Obama, bakin teku,
ta zuba wake ashirin a faranti.
Sumire, kwashe su ɗaya ɗaya zuwa wancan.
Na ƙasa ya kwanta, kada ya motsa,
na sama shi ne ɗan aike.
Wake ya yi ta tsere, kyanwa na bin sa ƙarƙashin tebur,
kafin in kai bakwai miya ta huce.

A gidanmu kowane kuskure da sunan yanka.
In hannu ya yi shawagi bisa kwanoni kamar shirwa,
bai san inda zai sauka ba,
mayoibashi ne, tsinken ɓatan kai.
In na soke dankali kamar mai mashi, sashibashi.
In na lashe tsini, neburibashi, sai ta tsuke baki.
In romo ya ɗiga a hanya kafin ya iso,
namidabashi, tsinke mai hawaye.
Wannan sunan ya yi mini daɗi,
har nakan yi da gangan don in ji ta faɗa.

A madafa tana da dogaye, saibashi,
bakinsu ya yi baƙi da juya kifi cikin mai.
Na kantin tasha kuwa, waribashi, masu tsagewa ƙas,
kowa ya ci ya yar, ita sai ta wanke,
ta tokare 'ya'yan tumatir da su a bayan ɗaki.

Biyu ne kaɗai ba ta yi musu dariya.
Kada ki kafa su tsaye cikin shinkafa.
Kada ki miƙa loma daga tsinke zuwa tsinke.
Wani dare na miƙa wa ƙanena Kohei yankin ƙwai,
ya karɓa da nasa a sama,
sai ji na yi ta buge mini hannu.
Ƙwan ya faɗi. Ba wanda ya ɗauka.
Na ce don me? Ta ce, za ki sani.

Ina da sha tara na sani.
Ɗaki fari, tire mai sauran ɗumi,
aka ba mu tsinken da ba su dace da juna ba,
ɗaya na gora, ɗaya na itace.
Aka ce ku fara daga ƙafa ku ƙare a ka,
don ta tsaya daidai cikin tulun.
Ni da kakana Genzo muka kama ƙashi guda,
shi ta can, ni ta nan.
Bai fi ƙwayar wake nauyi ba.
Hannuna bai yi rawa ba, Kaka. Na ƙasa bai motsa ba.

Yanzu da magariba yakan buɗe aljihun tebur
ya fito da meotobashi, na miji da mata,
baƙi dogo, ja gajere,
waɗanda ya shafe da hannunsa shekarar aurensu,
shafi kan shafi, da ɓawon kawa yana ƙyalli a ciki.
Ya kwantar da jan a kan hashioki,
ɗan matashin tangaran mai siffar kifi,
tsini na kallon hagu,
ya zuba shayi kofi biyu.

Jiya ya ce da ni, kin lura?
Ɗaga murya nan, hashi tsinke ne,
ɗaga ta can, hashi gada ce,
mutanen Tokyo ma juya su suke yi.
Na ce na lura.
Ya daɗe yana duban jan tsinken,
sannan ya ce, ci, kifinki zai huce.